Mahayin Dokin Bura

A shekarar 1975, a karkarar Bura da ke yankin Tera, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da Yamai, aka tsinci kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a ƙasa. Ba a san wanda ya ƙera su ba, kuma ba a ji labarinsu a bakin kaka da kakanni ba.

Labarin ya iso cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Yamai. A 1983 masanin tarihi Boube Gado ya jagoranci tono a wurin da ake kira Asinda-Sikka. A ɗan fili guda aka tarar da tuluna 630 a kife, an jera su kusa da juna, wasu dogaye, wasu masu tumbi, da yawansu ɗauke da kan mutum mai zane a fuska. A ƙarƙashinsu ga ƙasusuwan mamata, da kan kibiya na ƙarfe, da awarwaro, da duwatsun ado. Daga cikin ɓaraguzan yumɓun da aka samu a wurin ne aka harhaɗa mutum-mutumin wani mahayin doki da hannunsa cike da munduwa.

Bincike ya nuna mutanen sun fara binne mamatansu a nan tun wajen ƙarni na 3, suka ci gaba ɗaruruwan shekaru. Wato lokacin da attajiran Rum ke shimfiɗa daɓen ado a gidan gonar Kasale a tsibirin Sisili, a ƙarni na 4, mutanen kwarin Kogin Kwara suna da maƙera da gwanayen ginin tukwane.

Gidan Kasale zaftarewar ƙasa ta rufe shi, ya tsira, UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya a 1997. Bura kuwa shahara ce ta jawo mata ɓarna. Bayan baje kolin kayan tarihin kwarin Kwara da aka buɗe a Paris a 1993, dillalai suka yi ca, manoman da fari ya gigita suka shiga tono suna sayarwa a araha. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura cikin waɗanda ta yi kashedin kada a saya.

Tulun da aka tumɓuke daga mazauninsa ya rabu da gawar da yake kai da shekarun da za a auna. Don haka manomin yankin Tera da garmarsa ta ci karo da irinsa, ya bar shi inda yake, ya sanar da IRSH ko gidan tarihi na Boubou Hama.