Yadda Ɗan Wasan Laima Ke Tashi Sama a Kan Ruwa

A shekarar 1984 wasu 'yan uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi rajistar wata irin laima da ake hura wa iska a bakinta don kada ta nutse in ta faɗi a ruwa. Ita ce ta buɗe ƙofar wasan sulu da laima. Ɗan wasa yana tsaye a kan allo, laimar na sama a ƙarshen igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 24, an ɗaura ta a ɗamarar ƙugunsa, yana juya ta da sandar da ke hannunsa. Gwanaye kan tashi sama fiye da mita 30, kuma tun 2013 ake gasar King of the Air a Cape Town ta Afirka ta Kudu.

Mai kallo zai ɗauka ƙarfin ƙafa ne ke cilla mutum haka. A'a, sirrin yana ga ɗamewar igiya. Ɗan wasa kan fara da gudu, ya ratsa iska a karkace, ya kafa gefen allonsa cikin ruwa da dunduniya yana jayayya da laimar, kamar maharbin da ke ɗame baka. Daga nan sai ya aika laimar da sauri zuwa saman kansa, amma ba ya sakin gefen allon tukuna. Sai ya ji tana neman fizge shi, sannan ya karkata allon ta inda iska ke fitowa, ya taka ƙafar baya, ya jawo sandar jikinsa. Duk wannan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ne, kuma a nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Wanda ya saki gefe da wuri zai yi tsalle mai nisa amma ƙasa-ƙasa. Wanda ya jawo sanda kafin lokaci ya shaƙe laimar, ta rasa gudu. Wanda ya kai ta baya da yawa kuwa zai yi lilo a ƙarƙashinta ya faɗo tim. Kafin sauka ana jan hannun gaba don laimar ta dawo, a sauka da gwiwa a lanƙwashe, allo na bin iska.

Kaya ma da nasu rabon, sai dai ina ganin masu koyo na ɗora musu nauyin da ya wuce kima. Babbar laima ba ita ce tsalle mai tsawo ba. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun laima ninkawa huɗu yake yi, shi ya sa mai ɗaukar laima mai faɗin murabba'in mita 12 a matsakaiciyar iska kan koma ta 7 ko 8 idan ta tsananta. Laimar da ta fi ƙarfin mutum fizge shi take yi kafin ya gama ɗame igiya. Masu neman tsawo sun fi son siririyar laima mai haƙarƙari biyar, wadda ba ta lotsewa, da allo mai tauri da ke riƙe ruwa.

Saura iskar kanta. Madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ne mai faɗin gaske, wanda zai iya jan hankalin mai son wannan wasa. Amma iskar da ta ratso duwatsu da itatuwa, irin na Falgore da Riruwai, zuwa take yi a yanke, ta buga ta lafa, ba kamar ta teku mai kaɗawa bai ɗaya ba. In ta lafa mutum yana sama, babu abin da zai riƙe shi. Mafi haɗari ita ce guguwar gaban hadari a farkon damina, wadda manoman Kiru da Tudun Wada suka san yadda take yaye rufin kwano. Duk mai koyarwa na ƙwarai zai ce da zarar hadari ya haɗo, a sauke laima a fita daga ruwa.