Salanga a Cikin Gida: Kusa da Ɗaki, Nesa da Rijiya

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, yau za mu tattauna a kan abin da ake jin nauyin ambatonsa a dandali, alhali babu wanda ya fi ƙarfinsa. Wannan abu shi ne wurin kewayawa.

A ƙauyukanmu da yawa, daga Matankari har Dumega, daji shi ne makewayi. Saurayi mai jini a jika ba ya ganin wahalar haka. Amma mu dubi tsohon da gwiwa ta hana shi tafiya. Mu dubi mai ciki da mai jego. Mu dubi macen da ke daurewa tun safe har duhu ya shiga, don kada a gan ta. Da damina abin ya fi tsanani: gero ya kai bakin gari, ga duhu, ga maciji. Domin waɗannan ne ya kamata kowane gida ya sami salangarsa.

Abin da daji ke maido mana

Ƙazantar da aka bari a fili ba ta zama inda aka bar ta. Ƙuda ya sauka a kanta, ya tashi ya sauka a kan ƙwaryar fura. Kaji su tona, yara su taka. Ruwan sama ya kwashe ta zuwa tabki da bakin rijiya. Ta haka zawo da atuni da tsutsar ciki da kwalara ke shigowa gida. A shekarar 2021 kwalara ta ɓarke a jihohi da dama na Nijar, ta yi kisa. Ko zawo ma ba abin rainawa ba ne. Manomin da ya kwanta a lokacin noman fari, ciyawa ce za ta ci gonarsa.

A tambayi ƙasa kafin a haƙa

Ƙasarmu iri biyu ce. Akwai tudu mai marmara, inda haƙa ke da wuya amma ruwa yana can nesa. Akwai kuma fadamar Dallol Mawri, wadda ta bi ta Dogon Dutsi da Kore Mairuwa da Tibiri, ta gangara kudu wajen Gaya. A fadama rairayi ne, kuma a wurare da yawa ruwa yana kusa. Wannan alheri ne ga mai lambu. Amma ramin da aka haƙa ba lura yana iya ɓata rijiyar unguwa ɗungum. Saboda haka mu kiyaye waɗannan:

1. Tsakanin salanga da rijiya a bar mita 30, wato wajen taki 40 na babban mutum. Rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafi. Salanga ta kasance a gangare, rijiya a sama.

2. Tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa a bar mita 2. A leƙa rijiya mafi kusa a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fi tasowa. Idan ruwa yana kusa, kada a zurfafa. A ɗaga bangon ramin bisa ƙasa, a yi masa tudu.

3. A haƙa rami zagayayye, mai faɗin kamar mita 1. Zagayayyen rami ya fi mai kusurwa jure ruftawa. A rairayi dole a ɗaure shi da tubalin siminti ko dutse. A ƙasa a bar ƴan kafofi don ruwa ya tsotse. A sama a toshe sarai.

4. A rufe bakin ramin da daɓen siminti mai ƙarfe a ciki, wanda ya ɗan fi ƙasa tudu don kada ruwan sama ya shiga. A yi wa kafar murfi mai mariƙi.

Mai hali yana iya kafa bututun iska da ya zarce rufi, a ɗaure masa raga a kai. A ƙasar Zimbabuwe aka ƙirƙiro wannan dabara a shekarun 1970. Wari yana fita ta bututu, ƙuda ya bi haske ya maƙale a raga. Irin wannan salanga ba a rufe kafarta, amma a bar cikin ɗakin da ɗan duhu.

Kada a manta da tsofaffi da yara

Salangar da tsoho ba ya iya shiga ba ta gama aikinta ba. A share hanya daga ɗakinsa. A faɗaɗa ƙofa. A kafa itace mai ƙwari da zai dafa, ko a gina masa ɗan mazauni. Kafar kada ta yi faɗin da zai tsorata yaro. Kashin jariri ma yana ɗauke da cuta, a zuba shi cikin rami. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. In babu sabulu, toka tana taimakawa.

Ina kuɗin?

Siminti da ƙarfe da ladan magini ba ƙaramin abu ba ne. A birnin Dogon Dutsi, abota da garin Orsay na Faransa ta kawo tsarin rance, inda magidanci ke gina salanga ya biya kaɗan-kaɗan. A ƙauye muna da adashi, muna da asusun ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka soma a Nijar a 1991. Gidaje biyar suna iya haɗa kai su ɗauki magini ɗaya. Haƙa da yashi da ruwa kuwa, aikin gayya ne.

Idan rami ya cika

In ya rage rabin mita ya cika, a ɗage daɓen zuwa sabon rami, a binne tsohon da ƙasa. Bayan shekara 2 abin da ke ciki ya zama taki. Wanda bai son kwasa, ya dasa mangwaro ko dogon yaro a wurin.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da ƙasa ta bushe, rumbu ya cika. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa, domin ƙudan gidan da babu salanga ba ya sanin iyakar danga. Rigakafi ya fi magani.