Matsefatar Gwaggo Da Makantar Da Za A Iya Hanawa

Tun ina yaro na san Gwaggo, yayar mahaifina, da wata 'yar matsefata da take ɗaurewa a bakin zaninta. Mutane na amfani da matsefata don cire ƙaya, ita kuwa gashin ido take tsigewa da tata. Duk bayan 'yan kwanaki takan kira ɗaya daga cikin jikokinta ta ce, "Zo ki duba mini, sun sake fitowa." Mun ɗauki abin a matsayin larurar tsufa. Sai da na girma na gane cewa cuta ce mai suna da magani, amma a lokacin idonta na hagu ya riga ya yi fari.

Cutar ita ce amosanin ido, wadda likitoci ke kira tirakoma. Wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, kuma ta fi kama ƙananan yara. Tana yaɗuwa ta kwantsa da majina: a hannu, a gefen zanin da uwa ta share wa wannan fuska ta share wa wancan, da kuma ta ƙudajen da ke sauka a idon yara. Waɗannan ƙudaje sun fi hayayyafa a bayan gidan da aka yi a fili. Kamuwa sau ɗaya ba ta makantarwa. Maimaituwar ce ke barin tabo a cikin fatar ido ta sama, tabon ya yi ta tsukewa shekara da shekaru har ya lanƙwasa bakin fatar zuwa ciki. Daga nan gashin ido ya koma yana gogar baƙin ido a kowace ƙiftawa, har tantanin da haske ke ratsawa ya dushe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa makantar da wannan cuta ke jawowa kan samu mata har ninki huɗu na maza. Dalilin a fili yake: mace ce ke goyo, ita ke share fuska, don haka ita ke sake kamuwa daga yaran da take reno.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne sauƙin gyaran. Aikin a fatar ido ake yin sa, ba a taɓa ƙwayar idon. Ana kashe zafin wurin da allura, a tsaga fatar, a juyo da bakinta waje, a ɗinke. Yakan ɗauki kimanin minti 20, mutum ya koma gida a ranar, kuma ƙwararren ma'aikacin jinya na iya yin sa a asibitin karkara. Sai dai a faɗi gaskiya: wani lokaci gashin kan sake juyawa, shi ya sa komawa a duba ya zama wajibi. Haka nan aikin ba ya goge farin da ya riga ya zauna a ido. Ceton abin da ya rage yake yi, don haka jinkiri shi ne babban abokin gaba.

To, me ke hana iyayenmu zuwa? Na tambayi Gwaggo bayan an yi mata aiki a idon dama. Ta ce ta ji ana cewa ƙwaƙule ido ake yi a wanke a mayar. Ta ce kuma ba ta son ɗora wa kowa nauyin kuɗin mota da rakiya. Tsoro da kara ne suka cinye mata ido guda, alhali tana da ɗan ƙane a jami'a. Wannan laifi nawa ne, ba na wata hukuma ba.

Kawar da cutar ba mafarki ba ne. A 1998 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙudurin yaƙar ta bisa matakai huɗu: tiyatar fatar ido, raba maganin azithromycin, wanke fuska, da samar da ruwa da masai. Ghana ta samu shaidar kawar da ita a matsayin barazana ga lafiyar jama'a a 2018, Gambiya a 2021, Mali da Benin a 2023. Babu ɗaya daga cikinsu da ta fi Nijeriya girman tattalin arziki. Raba magani ya rage kamuwar yara a wurare da dama a Arewa, amma ƙwaya ba ta miƙar da fatar idon da ta riga ta lanƙwashe. Tsofaffin da suka kamu tun ƙuruciya suna nan a cikin ɗakuna, sai an bi su an nemo.

Saboda haka kirana ga ɗalibai da ma'aikata 'yan'uwana ne. Idan kun je gida hutu, ku zauna kusa da kakanninku cikin haske ku dubi idanunsu. In kun ga gashi na taɓa ido, ko hawaye ba ya tsayawa, ko suna gudun rana, ku kai su sashen ido na asibiti mafi kusa, kada a ɗiga musu wani haɗi a gida. Ku biya kuɗin motar, ku yi rakiyar. Gwaggo tana nan tana jan carbinta, tana gane fuskokin jikokinta da idon da aka ceto. Matsefatar kuwa ta koma aikin cire ƙaya.