ME YA SA MAGANIN FESHI YA DAINA KASHE TSUTSA?

Manomi, wataƙila wannan ya taɓa samunka. Shekarun baya feshi ɗaya kake yi, tsutsa ta zube ƙasa. Bana ka yi sau uku da maganin nan, amma tana nan tana huda ƙwallon auduga da 'ya'yan tumatir. Sai ka ce magani jabu ne. I, akwai jabu a kasuwa, akwai kuma wanda kwanansa ya ƙare. Amma sau da yawa maganin lafiyarsa lau, tsutsar ce ta sake. Idan ba ka gane wannan ba, za ka yi ta zuba kuɗi a gona, amfani kuwa yana lalacewa.

Makarin da ke cikin tsutsa

Tsire-tsire da yawa suna da dafinsu na kare kai. Taba tana da nata, auduga ma haka. Saboda haka Allah ya halicci ƙwaro da waɗansu sinadarai a cikinsa masu karya dafi kafin ya yi masa illa. Mu kira su makari. Makarin nan yana iya karya maganin feshi ma.

Umurnin yin makari yana cikin ƙwayoyin gado, watau abin da ƙwaro ya gada daga iyayensa. Kowace ƙwayar gado tana da abin da ke buɗe ta da rufe ta. Ka dubi mai lambu: yakan buɗe bakin fangali ruwa ya shiga, in ya isa ya toshe. Haka jikin ƙwaro yake yi. In ya ci dafi sai ƙofa ta buɗe, makari ya ƙaru. In dafi ya wuce sai ta koma ta rufe.

To, a cikin dubban tsutsa akan sami 'yan kaɗan da aka haifa da bambanci. Ga yadda abin yake:

1. Waɗansu ƙofarsu a buɗe take dare da rana. Kafin ka ɗauko injin feshi, cikinsu ya riga ya cika da makari.
2. Waɗansu suna da ƙwayar gadon makari fiye da ɗaya. A Ingila an sami wata irin darɓa mai kamar 80 a maimakon ɗaya.
3. Waɗansu kuwa wurin da magani ke kamawa a jijiyarsu ne ya sake, sai magani ya rasa inda zai kama.

Yadda feshi ke yawaita su

Ba feshi ne ke koya wa tsutsa wannan ba. Abin da feshi ke yi shi ne tankaɗe. A ce akwai tsutsa 100 a kunya, 2 masu yawan makari ne. Ka yi feshi, 98 sun mutu, 2 sun rage. Su za su zama malam-buɗe-littafi, su yi ƙwai, 'ya'yansu su gaje su. Macen tsutsar auduga takan yi ƙwai ɗaruruwa, kuma a lokacin zafi wajen wata guda ne daga ƙwai zuwa uwa. In ka yi ta maimaita magani iri ɗaya, kowane wata masu makari suna ƙaruwa, har su zama su ne masu yawa.

Abin ya faru kusa da mu

Tsutsar auduga, wadda ke cin tumatir da kuɓewa da masara da wake, ita ce misali. An shekara da shekaru ana fesa wa auduga magunguna 'yan gida ɗaya, dangin saifametirin da deltametirin. Daga 1996 zuwa 1998 sai manoman Benin da Burkina Faso da Mali da Kwaddibuwa suka ga magani ya daina ci. Bincike ya nuna tsutsar tana karya maganin a cikinta. Wani binciken na 2010 a kan tsutsar Burkina Faso ya gano ƙwayoyin gadon makari da dama suna aiki fiye da ƙa'ida. A arewacin Kamaru ma an gamu da wannan matsala.

Tun daga 1998 ƙasashen nan suka haɗa kai. Suka hana fesa wannan dangi a farkon damina, aka sa wani dangin a madadinsa. Da haka aka shawo kan ɓarnar. Farin ƙuda ma, mai yaɗa ciwon nannaɗewar ganyen tumatir, ta hanyar yawaita makari yake tsere wa imidakulofirid a ƙasashe da yawa.

Sunan kwalba ba shi ne dangi ba

Nan ne manoma da yawa ke yin kuskure. Karate da Cymbush da Decis sunaye uku ne, amma gidansu ɗaya. In ka bar wannan ka sayi wancan, ba ka sake kome ba. Kwalabe da yawa suna ɗauke da lambar dangi a jikin takarda. Ga waɗansu:

1B: daimetowet, furofenofos
3A: saifametirin, deltametirin, lamda-saihalotirin
4A: imidakulofirid, asetamifirid
6: emamektin, abamektin
28: kulorantiranilifirol

In ba ka iya karanta takardar ba, ka sa ɗanka ɗan makaranta ko malamin gona ya duba maka.

Abin da za ka yi

1. Kada ka yi feshi don ka ga maƙwabci yana yi. Ka zaga gonarka sau biyu a mako, ka duba ganye da fure. Sai in ɓarna ta kai a yi feshi.
2. Ka fesa tun tsutsa tana ƙarama, kafin ta shige cikin ƙwallo. Da sassafe ko da yamma ya fi.
3. Ka bi awon da ke jikin kwalba daidai. In ka rage don tsimi, masu ɗan makari za su rayu. In ka ƙara, ka kashe ƙwarin kirki masu cin tsutsa, ka kuma cuci kanka da masu cin amfanin.
4. In ka yi amfani da dangi ɗaya na kwana 30, ka koma wani dangin na kwana 30 masu zuwa.
5. In feshi bai ci ba, ka duba kwanan magani da bakin injin da awon ruwa. In duk daidai suke, kada ka maimaita wannan dangi.
6. Kada ka haɗa magunguna biyu da ka. Wani makarin yana iya karya dangi fiye da ɗaya, don haka sai ka nemi shawara tukuna.
7. Ka taimaka da hanyoyin da ba na kwalba ba: shuka da wuri tare da jama'a, tsince tsutsa da hannu, ruwan 'ya'yan darbejiya, da sauya shuka.
8. Bayan tsinkar auduga ka tuge itacen ka ƙone, ka yi huɗa, domin tsutsar a cikin ƙasa take kwanciya kafin ta yi fiffike.

Abin lura

Yin makari da yawa yana cin ƙarfin ƙwaro. Saboda haka in aka huta da wani dangi, sau da yawa masu makari sukan ragu. Amma gadon ba ya ɓacewa sarai. Da an koma yin feshi barkatai sai ya dawo da sauri.

Har wa yau, malam-buɗe-littafi bai san iyakar gona ba. Wanda ya tsira daga lambun tumatir da rani shi zai sauka a gonar auduga da damina. Don haka ku zauna da masu lambu da maƙwabtan gona, ku shirya dangin da kowa zai fesa a kowane wata.

In za ka yi feshi ka rufe hanci da baki, ka sa safar hannu da takalmi, ka yi wanka da sabulu bayan ka gama. Kada a zuba ruwa ko abinci a kwalbar magani.

Domin ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku. Allah ya ba mu damina mai albarka.