Tagwayen Waya a Ƙofar FPGA

Duk mai gyaran laftof a Sabon Garin Zariya ya san siririn kebul ɗin nan da ke kai hoto sikirin. A yawancin tsofaffin laftof wayoyin cikinsa bibbiyu suke tafiya, domin saƙon yana cikin bambancin wutar da ke tsakanin tagwayen ne. Sunan tsarin LVDS, kamfanin National Semiconductor na Amurka ne ya fito da shi a 1994.

Mai aikawa yana tura wuta miliampiya 3.5, ta ratsa resista mai om 100 da ke haɗe wayoyin a bakin mai karɓa, sai a sami tazarar milibolt 350. In wutar ta juya alƙibla, 1 ta koma 0. Hayaniyar lantarki kuwa, irin wadda janareta da inbata ke watsawa (ba baƙuwa ba ce a shagunanmu), tana hawa wayoyin biyu daidai wa daida. Mai karɓa ya ɗebe wannan daga wancan, hayaniya ta cinye kanta.

Ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, da ya ɗauki FPGA a aikinsa na shekarar ƙarshe, da wuya bai yi karo da tagwayen nan ba in zai haɗa kyamara ko wata na'ura mai sauri. FPGA dai ai-si ce da ake tsara mata da'irorin ciki bayan ta bar masana'anta. Kamfanin Xilinx ne ya fara sayar da ita a 1985. Da yake komai nata da rubutu ake tsarawa, sai mutum ya zaci zai karɓi kowace waya a ƙafarta, ya kwatanta su a lissafi. Ba ta saɓuwa. Kowace waya tana lilo ne kaɗan a kusa da bolt 1.2, ƙafa ɗaya tilo ba za ta karanta wannan da tabbaci ba. Kwatancin a ƙofa ake yinsa, a wata da'ira da aka gina don haka, wadda Xilinx ke kira IBUFDS: biyu su shiga, ɗaya ta fito.

Ƙafafun ma da abokan zamansu aka ƙera su, P da N, ba a raba su. Resistar om 100 tana nan a ciki, amma a jerin 7 na Xilinx, a rukunin ƙafafun HR, sai an ba rukunin bolt 2.5 ake kunna ta. Wanda ya manta da ita, saƙo ya riƙa dawowa baya yana gurɓata na bayansa.

A ganina wahalar ta fi yawa a zanen fanel, wato allon da'ira, inda dole layukan biyu su jeru, tsawo ɗaya. In P da N suka yi musanye, abin da sauƙi: layi ɗaya na rubutu ya juya sakamakon. In kuwa aka kai su ƙafafun da ba tagwaye ba, sai dai a sake buga fanel.