Masu bin sawun cutar da ke ɓoye cikin ƙasa da ƙura

A farkon shekarar 2010 ƙananan yara suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rai ya yi halinsa. An gwada maganin zazzaɓin cizon sauro, an gwada na kashe ƙwayoyin cuta, babu sauƙi. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta aika da jinin yaran ƙasar Jamus kafin a gano gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Wannan irin ciwo ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, shi ya sa yake shige wa ma'aikacin lafiya duhu. Tushensa yana cikin muhalli: ƙasar tsakar gida, ruwan rijiya, hayaƙi, maganin feshin gona. A Zamfara duwatsun zinariya ne masu ɗauke da dalma. Ana kawo su gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Gano irin wannan yana buƙatar horo na musamman. Ana koya wa mai bincike ya fara da ƙidaya: yara nawa suka kamu, a wane gida, yaushe, mece ce sana'ar iyayensu? Da aka bi gida-gida a ƙauyuka biyu cikin watan Mayun 2010, an tarar kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a shekara guda, kuma abin ya fi tsanani a gidajen da ake sarrafa dutse. Bayan ƙidaya sai awo, wato ɗibar jini ba tare da ƙura ta gurɓata shi ba, da auna dalmar da ke cikin ƙasa da na'urar hannu. Jinin yara da yawa ya wuce maki 65, iyakar abin da na'urar gwajin da aka kai ƙauyukan ke iya karantawa, alhali daga 45 ake fara ba da maganin fitar da guba.

Akwai kuma sauraro, wanda a ganina ya fi sauran wuyar koyo. Mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu sun ƙare tun kafin mutuwar yaran ta jawo hankalin hukuma. Wanda bai zauna da maigari da matan gida ya yi tambaya cikin harshensu ba, ba zai ji wannan labari ba. Ga shi kuma mai haƙar zinariya ba zai saki jiki da baƙo ba muddin yana tsoron a raba shi da hanyar cin abincinsa.

Najeriya tana da shirin irin wannan horo, NFELTP, wanda aka fara a 2008 tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Yana ɗaukar likitoci, likitocin dabbobi da masana ɗakin gwaji, shekara biyu, mafi yawanta a fagen aiki. Ɗalibansa suna cikin waɗanda suka shiga ƙauyukan Zamfara.

Binciken ne ya tsara yadda aka tunkari matsalar. Magani ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ke da guba, don haka sai an fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa. A ƙauyen Bagega na Zamfara wannan aiki bai samu ba sai 2013, kuma illar da dalma ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, nan ma a ƙauyukan masu haƙar zinariya.