Damuwar Saurayi Da Ta Budurwa Ba Kamarsu Ɗaya Ba

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal ya iso Bunkure da Kadawa da Kura, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan ƙasa. A dā in an kai dawa rumbu sai a huta, ko a tafi cin rani. Yanzu ana yanke shinkafa sai a sa alkama ko tumatir. Gidaje da yawa sun sami rufin asiri. Amma akwai wani nauyi da ya sauka a kan 'yan shekara 13 zuwa 19, wanda mu malaman gona ba mu cika lura da shi ba, gama idonmu yana kan ganye.

Mu fara da saurayi. Yakan kama ɗan fili haya, ya ci bashin taki da maganin feshi, ya dasa tumatir, zuciyarsa tana kan babur ko kuɗin aure. Sai kaya su nuna wa kowa a lokaci guda, ya kai kwandunansa kasuwar Kwanar Gafan ya tarar farashi ya faɗi. Ko kuwa tsutsa ta shiga, kamar a 2016 da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Jihar Kano. Yaron nan ba zai yi kuka ba, an riga an gaya masa namiji ba ya kuka. Sai dai ka ga ya yi dambe a kan rabon ruwa, ya yi wa uwarsa tsawa, ya daina kwana a gida. Waɗansu su kama shan tramadol, da farko wai don ƙarfin aiki, daga baya don su manta. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma dokar ba ta biya bashin kowa ba. Ƙarshenta a ce yaro ya lalace, a ɗauko bulala.

Ta budurwa kuwa ciki take shigewa, shi ya sa ta fi wuyar gani. Da asuba ta ɗebo ruwa, ta taya uwa turara shinkafa, ta ɗauki tallan abinci zuwa bakin gona inda 'yan ƙwadago suke. Ribar tallan nan da ita za a haɗa kayan ɗakinta, don haka in ta dawo da kwantai, ko wani ya ci bai biya ba, ta san abin da ke jiranta. Ga maganar a cire ta daga makaranta, ga miji da ake zancensa ba a tambaye ta ba. Ba ta faɗa da kowa. Sai ciwon kai, ciwon ciki, rashin barci, ta riƙa ture tuwo. A ba ta Panadol, ko a ce iska ce ta taɓa ta. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne, shirun nata yabo yake jawo mata: a ce wance akwai kunya.

Ba a nan kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsalar tunani. Likitoci a ƙasashe da dama sun lura cewa bayan balaga ciwon baƙin ciki ya fi kama 'yan mata, kusan ninki biyu, samari kuwa sun fi faɗawa shaye-shaye da rigima. Amma kada a ɗauka ka'ida ce: mun ga yarinya mai tsiwa, mun ga yaro mai shiru.

Mun gwada kiran saurayi zaure a yi masa tambaya gaban manya, bai ce uffan ba. Amma in kuna ban ruwa tare, kafaɗa da kafaɗa, ka tambaye shi nawa ake binsa, sai bakinsa ya buɗe, a zauna a yi lissafin yadda zai biya. Budurwa kuwa ta fi sakin jiki da goggo ko kaka, ko malama a makaranta, a inda uba ba ya ji. In yaro ko yarinya ya yi mako biyu ba barci ba cin abinci, ko ya ambaci mutuwa, a ɗauke maganin feshi daga ɗaki a kulle, a kai shi asibiti ran nan.